Lagireton alminiyam da na sa wa 335i ɗina: kayan sun yi, amma garejin ya kusa kashe min inji

Tun da aka taɓa wa motata kwamfuta aka ƙara wa turbo ƙarfi nake fama da zafi. BMW 335i ce ta 2008, wadda aka shigo da ita daga Amurka, mai injin N54, silinda shida da turbo biyu. Gudu kam ya ƙaru, amma ko daga Kawo zuwa Barnawa a cikin Kaduna na je da rana sai in ga allurar zafin baƙin mai ta haura 250 a ma'aunin Amurka, wato kusan digiri 120 a ma'aunin da muka saba. Shi ya sa na yi odar lagireton alminiyam mai kauri da babban abin sanyaya baƙin mai, na kai wani gareji da aka yi ta yaba min shi, aka ɗaura.

Kwana uku bayan nan, cikin watan Afrilu, na ɗauko mahaifiyata za mu gaisuwa Zariya. Ban ma taka motar sosai ba, don Hajiya ba ta son gudu. Muna wuce Mararrabar Jos sai alamar zafi mai ruwan ɗorawa ta fito a dashbod, kafin in gama rage totur ta koma ja. Fanka ta ɗauki ƙara kamar jirgi zai tashi, motar ta mutu murus, ina taka ta ba ta amsawa. Wanda ya san motar nan ya san ba ta da allurar zafin ruwa, ta baƙin mai kawai ke akwai, ita kuwa a lokacin lafiya lau take nunawa. Haka na gangara gefen titi gab da Jaji, rana tsaka, ga tsohuwa mai hawan jini. Na shimfiɗa mata darduma ƙarƙashin wata darbejiya, tana jan carbi tana ce min, "Ka kwantar da hankalinka, ɗan nan." Wallahi abin da ya fi ci min rai ke nan har yau.

Na kira mai garejin. Amsar da ya ba ni ita ce, "Yallaɓai, tamostat ne, motocin Turai ba su san zafinmu ba. Zuba mata ruwan leda ka lallaɓo mu cire shi." Tamostat shi ne abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Har na kai hannu kan murfin tankin ruwa, wani direban tirela da ya tsaya kusa ya riƙe ni. Ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka buɗe, tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska." Allah ya saka masa da alheri. Janwe na kira, Hajiya kuma ƙanena ya zo ya ɗauke ta.

Wani gareji daban na kai ta. Yaron da ya duba ta, da ƙyar in ya kai shekara 25, tambaya ɗaya ya yi min: da aka ɗaura lagireton an fitar mata da iska? Famfon ruwan injin nan na lantarki ne, ba bel ke juya shi ba. In an zubar da ruwa aka sake cikawa, sai an kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a ƙure hita, a sa fankar ciki a mafi ƙaranci, a danne totur har ƙasa na daƙiƙa 10. Daga nan famfon zai yi ta zagaya ruwa shi kaɗai kamar minti 12 yana korar iska, don in iskar ta maƙale a ciki ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, inji ya ɗau zafi. A gabana ya yi. Ina tsaye ina kallon kumfa tana ɓulɓulowa a tanki, ruwan yana ta sauka. Wancan garejin bai yi wannan ba sam, kuma abin da suka zuba rabinsa ruwan famfo ne duk da na biya kuɗin kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman. An auna gasket ɗin kai, wato abin da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, Allah ya sa bai ƙone ba.

Kayan kansu ba zan zalunce su ba. Wata huɗu ke nan, tamostat yana nan a wurinsa, kuma ko a cunkoson Ahmadu Bello Way da esi a kunne allurar ba ta kai inda take kaiwa da. A kan hanya, in na ɗan buɗe mata wuta ta hau, minti kaɗan take saukowa. A da sai na yi ta lallaɓa ta, don na san in baƙin mai ya doshi digiri 150 kwamfutar da kanta za ta yanke ƙarfi.

Sai dai mai sayarwar ma da nasa laifin. Ya rantse min cewa ɗaurawa kawai za a yi, ba yanka ba gyara. Ba haka ba ne. Kaurin lagireton ya sa gidan fanka yana gogarsa, sai da aka goge ƙarfen da ke riƙe shi, bakin tiyon sama kuma bai zauna daram ba, kullum da safe ina ganin ɗigo a ƙasa har sai da aka canza robar. Da na faɗa masa, cewa ya yi kowa haka yake sa nasa. Mai garejin farko kuwa na koma da rasit ɗin janwe a hannuna, ya dube ni ya ce shi aikinsa ba ya dawowa, motar ce ta zo da ciwonta. Ko sisi bai mayar min ba, ko sannu ga Hajiya bai ce in kai mata ba.