Baƙar ledar gilashin mota: liƙi biyu da na yi a Damagaram

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a bakin Kasuwar Dole da azahar a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Ka dawo ka buɗe ƙofa, hucin da zai fito kamar an buɗe tanda, sitiyari ba ya taɓuwa sai ka sa hankici. Zafin garin nan a bazara yana wuce digiri 40, kuma kilim ɗin tsohuwar Corolla tawa, wato na'urar sanyaya iska, ba ya iya masa. Abin da ya fi damuna shi ne Inna. Duk mako nakan ɗauko ta daga Mirriya, tafiyar kilomita 18 ce kawai, amma rana na dukan hannunta ta taga har sai ta ja mayafi ta rufe. Wannan ne ya sa na yanke shawarar a liƙa wa gilasan baƙar leda. Sau biyu na yi, wurin mutum biyu daban, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya isa in zauna in rubuta.

Na farko a watan Janairun 2023 ne, tsakiyar hunturu. Wasu samari ne masu aiki a bakin kwalta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, suka ce jikka 12, wato sefa dubu 12, za su yi mini gilasan gefe huɗu da na baya. Babbansu ya tambaye ni, "Malam, wane baƙin kake so?" Na ce wanda ya fi kowane duhu, don a tunanina duhun shi ne sanyin. Ya kawo wadda ake ce wa lamba 5. Daga baya na fahimci lambar tana nufin yawan hasken da ke ratsawa ne: lamba 5 kashi 5 cikin 100 take bari ya shiga, akwai 20, akwai 35, akwai 50 har zuwa 70 wadda da ƙyar za ka gane an liƙa wani abu. Ruwan da suka yi aiki da shi na ɗan garuwa ne a bokiti, aka kaɗa garin sabulun wanki a ciki. Ina tsaye yaron ya ɓare farar fatar da ke rufe da gam ɗin, iska na kaɗa ledar a hannunsa, ƙura ta yi wa gari fari fat har ba a hangen ƙarshen layi. Cikin awa ɗaya da rabi sun gama. Daga nesa mota ta yi kyau sosai, ba zan ɓoye ba.

Washegari da hantsi na duba daga ciki. Gilashin ƙofar direba kaɗai na ƙirga ɗigo fiye da 30, kowane da ƙwayar rairayi a tsakiya da farin zobe kewaye da ita. Na koma na nuna musu, suka ce in yi haƙuri rana za ta shanye. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don maganar tasu rabinta gaskiya ce. Bayan liƙi akwai ruwan da ke saura tsakanin leda da gilashi, yana fitowa kamar hazo ko ƙananan ƙuraje masu laushi, shi kam rana na busar da shi cikin 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni, kuma bai kamata a taɓa shi ko a huda shi da allura ba. Amma wanda ke da ƙwaya a tsakiya ƙura ce, ta ɗaga ledar kamar sandar rumfa, ko shekara goma za a yi tana nan. Kafin ka biya kuɗi, ka sa motar inda haske ke dukan gilashin ta gefe, ka shafa da ɗan yatsa a hankali. In ka ji tsini, ƙura ce.

Ba su gaya mini kada in sauke gilashi ba. A daren ranar da aka liƙa na isa shingen bincike na hanyar Mirriya na sauke, da na ɗaga sai bakin ledar na ƙasa ya naɗe ya kama ƙasa, bai sake kwanciya ba. Gilashin baya kuwa da yake yana da lanƙwasa, sai suka yanka ledar gida uku suka jera, mahaɗin ya fito layi biyu a madubin duba baya. Sun kuma yi yanka da reza a kan gilashin kai tsaye, har yau akwai zanen da ta bari a kusurwar ƙofar baya ta dama.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar dare. Wani dare bayan isha'i ina ja da baya a wani lungu na Birni, inda hanya ba ta wuce faɗin mota ɗaya da rabi ba, ban ga komai ta gilashin baya ba sai baƙi. Ihun wata mata ne ya sa na taka birki. Na fito na tarar da yarinya mai tallar gyaɗa tsaye, tsakaninta da bayan motar bai kai taku biyu ba. Na daɗe a tsaye jikina na rawa. Tun daga ranar ba na juyawa da dare sai na sauke gilasan gaba duka biyu, wani lokaci in sa yaro ya tsaya yana yi mini jagora. Ga kuma zafin da aka yi abin dominsa bai ragu yadda na zata ba. Hasken ya daina dukan ido, amma in ka kai kunci kusa da gilashin sai ka ji yana huci kamar tukunyar da aka sauke. Zuwa ƙarshen bazarar 2024 baƙin ya koma ruwan jar garura, shuɗi-shuɗi ja-ja, na bayan kuma ya tattashi ya yi ƙuraje manya. Araha dai ba ta ado.

Na biyu a watan Oktoban 2024 na yi, bayan ɗaukewar damina, kafin iskar hunturu ta taso. Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijo a wajen Sabon Gari, shagonsa mai ƙofar ƙarfe ne da mota ɗaya ke shiga. Kafin mu yi maganar kuɗi ya kunna wani ƙwan fitila mai zafi, ya ɗauko gutsattsarin leda uku ya ce, "Ɗana, sa bayan hannunka nan." Ya tare ƙwan da mai baƙi ƙirin irin tawa, na ji zafin na ratsowa kusan duka. Ya sa wata mai haske-haske, wadda ana ganin fuskarsa ta cikinta sarai, zafin ya ragu ƙwarai. Ya ce ta farkon rini ce kawai aka sa wa roba, shi ya sa rana ke cinye ta ta sauya launi. Akwai mai ƙarfe-ƙarfe da ke sheƙi kamar madubi, tana korar zafi amma tana iya rage wa waya da na'urar nuna hanya ƙarfin sadarwa. Akwai ta kabon wadda ba ta koɗewa zuwa shuɗi, sannan ta siramik wadda ta fi duka tsada, ta kuma fi tare zafi. Kusan rabin ƙarfin rana yana cikin hasken da ido ba ya gani ne, kuma leda mai kyau shi take tarewa, tare da kashi 99 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata yana fasa robar gaban mota. Gani ya kori ji. Na zaɓi ta kabon, don kuɗin siramik ya fi ƙarfina a lokacin.

Na so lamba 20 ko'ina, ya hana ni. Ya ce gilashin mota shi kansa ba duk haske yake bari ya wuce ba, yana riƙe kusan kwata, saboda haka duk lambar da aka liƙa sai ta ƙara duhu a kan abin da aka rubuta. Muka tsaya a 35 duka, gilashin gaba kuma ɗan siriri kawai a sama don tare rana da la'asar. Jikka 55 na biya, 10 a ciki na cire tsohuwar ce.

Cirewar ta ci masa safiya guda. Ya fesa ruwan sabulu a gilashin baya ta ciki, ya manna baƙar ledar shara a kai, ya fitar da motar rana ta yi kamar awa ɗaya har gam ɗin ya yi laushi, sannan ya riƙa janyewa a hankali. Bai yarda reza ta taɓa wannan gilashin ba saboda siraran layukan da ke jikinsa masu narkar da raɓa, waɗanda a wasu motocin eriyar rediyo ma tana cikinsu. Soso mai laushi ya yi ta gogawa da shi.

Yadda ya shirya wurin shi ya fi burge ni, kuma a ganina nan ne kuɗina ya tafi. Ya mayar da motar ciki, ya yayyafa wa daɓen shagon ruwa, ya kashe fanka, ya ja ƙofa, ya ce yaransa su daina shige da fice. Gumi na zuba masa amma bai kunna ba. Ruwan leda na sha ya zuba a gorar feshi ya ɗiga sabulun wankan jarirai kaɗan, ya ce ruwan garuwa yana da laka da gishiri-gishirin da ke barin tabo, garin sabulu kuma yana lalata gam. Kowane gilashi sau uku ya wanke, ya sauke shi kaɗan ya goge bakinsa na sama, ya liƙe gashin robar da gilashin ke shiga da salatif don kada ta zubo da ƙura. A wajen gilashin yake auna leda ya yanka da sabuwar wuƙa marar tsatsa, yana karya bakinta bayan kowace taga, amma ta ciki ake liƙawa. Na baya kuwa falle ɗaya ya shimfiɗa a waje, ya ɗauko na'urar hura zafi mai kama da ta masu busar da gashi, yana bin duk inda ta tashi kamar yatsu yana hurawa yana dannewa da katin roba har ta ɗauki siffar gilashin. Lokacin ɓarewa, hannu ɗaya na ja ɗaya na fesa ruwa, gam ɗin bai yi daƙiƙa biyu a bushe ba. Sai ya matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe, ya naɗa kyalle a bakin katin yana tsotse wanda ya taru a ƙarshe. Sai bayan la'asar na karɓi mota. Ya liƙe maɓallan sauke gilashi da salatif ya ce, "Kwana huɗu, ko wa ya ce ka sauke, buɗe masa ƙofa."

Yanzu ta ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya, launin bai motsa ba. A tafiya bambancin a fili yake, kilim na kama ciki da wuri, Inna ta daina rufe hannu, da dare kuma ina ganin bayana. Amma kada wani ya yi zaton motar da aka bari a rana za ta yi sanyi. Gilashin gaba shi ne mafi girma kuma yana nan a buɗe, don haka har gobe ina sa kwali a kansa in na ajiye, ina kuma neman inuwa. Aikin dattijon ma ba a rasa abin faɗa ba. Na sami ɗigon ƙura uku, gefen gilashin baya inda baƙaƙen ɗigogin kamfani suke ya bar farin layi don leda ba ta kwanciya sosai a kansu, kuma bai ba ni wata takardar garanti ba, baki da baki muka yi. Da na tambaye shi sunan kamfanin ledar ya ce daga Kano yake sarowa, kuma sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne, don ana buga sunayen manyan kamfanoni irin su 3M a kan kayan da ba nasu ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasa.

Maganar hukuma, ka fara zuwa komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ka tambayi abin da aka yarda da shi kafin ka kashe kuɗinka, musamman ga gilasan gaba. Ni in na doshi shingen 'yan sanda ko jandarmomi nakan sauke gilasai tun daga nesa, da dare in kunna fitilar ciki. Masu bin hanyar Matamai zuwa Daura da Kano su sani a Najeriya ana iya tambayar takardar izinin baƙin gilashi.

Abin da ya rage shi ne masu wankin mota. Tsumman da suka goge taya da shi suke shiga da shi ciki, rairayin da ke jikinsa kuma zane yake bari. Ruwan goge gilashin nan mai warin amoniya ma yana cin leda. Ni yanzu ciki da kaina nake gogewa, da kyalle mai laushi da ruwa zalla, kuma duk mako nakan share robar bakin taga, don ƙurar da ke taruwa a wurin ita ce ke ja wa leda layi a tsaye in ana saukewa ana ɗagawa. Kwanan baya ƙarfen bel ya daki gilashin gefen Inna ya ɗan ɓantare wuri kamar ƙwayar gero. Na kai wa dattijon ya duba, ya ce ba a faci, sai dai a sauya ledar tagar baki ɗaya, kuma in bari sai ƙura ta kwanta.