Taswirar Bellin: ta asali ko kwafi?

Masu sha'awar tarihi suna yawan tambaya wadda ta fi dacewa su saya tsakanin taswirar asali ta Bellin, wanda ya zana wa rundunar ruwan Faransa gaɓar tekuna a zamanin Yaƙin Shekara Bakwai, daga 1756 zuwa 1763, da kwafinta na zamani.

Ta asali tana da tsada, kuma akwai jabu a kasuwa, saboda haka sai an ɗaga takardar a haske an duba tambarin da ke cikinta, an kuma shafa shatin da farantin tagullar da aka buga ta da shi ya bari a gefenta. Danshi da hasken rana suna lalata ta, amma darajarta tana ɗorewa. Kwafi kuwa yana da araha da sauƙin samu, sai dai ba ya ƙara daraja.

Ta asali ta dace da mai tara kayan tarihi da ke da wurin adana ta, malami da ɗalibi kuwa kwafi ya wadatar da su.