Kantin maganin da ke tambayar sana'arka kafin ya miƙo ƙwaya

A ƙauyukanmu na Maigatari samun magani ba wuya. Ranar Alhamis kasuwa cike take da masu tire da masu baro, ƙwayoyi a shanye cikin rana. Duk da haka ni yanzu Gumel nake zuwa, wani kanti da ke ɗan nesa da tasha, saboda mai shi ba ya miƙa magani sai ya ji aikin da kake yi.

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo. Riɗi kuwa ba a sayensa da ido kaɗai. Sai ka cusa hannu can cikin buhu, ka murza tsakanin babban yatsa da manuni, ka ji ko da yashi, ko bai gama bushewa ba, ko an yi masa algus da na bara. Yatsa ne ke koyon wannan, kaka bayan kaka. Ɗan ƙanena da nake koya wa, ƙurar riɗi da hunturu suka haɗu suka sa masa atishawa da toshewar hanci, dare ba barci. Abokansa suka ce ya nemi D5, wato ƙwayar diyazefam mai sa barci. Sai na kai shi kantin.

Mai kantin masanin haɗa magunguna ne, lasisinsa na rataye a bango. Ya ce, "Alhaji, yaron nan me yake yi?" Na gaya masa. Ya ce, "Diyazefam dai sai da takardar likita. Ko da takardar ma, mai koyon aikin yatsa sai an duba." Ya jawo bayan kwali ya yi mana zane. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa saƙo suke aika wa juna, kowane saƙo da makarɓarsa. Diyazefam yana ƙara wa makarɓar GABA ƙarfi, ita ce birkin ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake kawo barci. Ɗaukar sabon abu kuwa ya dogara sosai da wata makarɓar da ake kira NMDA.

Ya ba mu labarin gwajin da masana Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka wallafa a 2003. An yi ta ɗan zungurar fatar kan yatsan mutane da na'ura har awa 3, bayan nan sai yatsan ya ƙara iya bambance tsini biyu da ke dab da juna. Waɗanda aka bai wa memantin, mai toshe NMDA, yatsansu bai ƙaru da komai ba. Haka ma a wani gwajin nasu da lorazefam, wanda danginsu ɗaya da diyazefam. Amfetamin kuwa ninka ƙaruwar ya yi. Nan yaron ya ɗago kai, Malam ya harare shi: "Kai, wannan ƙwayar NDLEA ke kama mutane a kanta, kada ka fita da wannan a kunne." Na ji daɗin hararar nan, don na san samarinmu.

Har ƙaramar ƙwayar murar nan mai sa gyangyaɗi, kilofeniramin, bai ba shi ba. Ya ce tana shiga ƙwaƙwalwa ta kashe wa mutum jiki da natsuwa. Loratadin ya ba shi, ɗaya a rana, ya ce ya riƙa sa takunkumi in ana sheƙe riɗi. Atishawar ta lafa, yaro ya daina hamma a gaban sikeli.

Aibun kantin kuma ba na ɓoyewa ba ne. Farashinsa ya fi na kasuwa, kuma ba bashi ko kai wane ne. Bayaninsa yana da tsawo. In ka tarar da mutum uku a gabanka, nemi benci. Na'urar POS ɗinsa kullum kukan natuwok take, ka riƙe kuɗi a hannu. Amma yana juya kwali ya nuna maka lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ya sa a leda. In za ka je, tafi da kwalin duk maganin da kake sha a gida, don sai ya tambaya, kuma "wata 'yar fara ce ƙarama" ba ta isarsa amsa.