Wuƙar Aljihu ko Wuƙar Kube?

Duk ranar kasuwar Wudil ko ta Maigatari, musamman gab da Layya, ana yawan tambaya: wacce za a saya, mai naɗewa ko ta maƙera mai kube?

Ta fuskar kyau, wuƙar aljihu irin Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin a mayar da aikin Afirka ta Kudu, tana da mariƙin katako mai sheƙi da zoben kulle a baya. Ita kuwa ta maƙera, rabin kyanta na kubenta ne, idan baduku ya rina fatar ja ya yi mata ɗinki mai tsari.

Wajen ƙarko ne bambancin ya fito. Maƙeri kan ƙera ruwan wuƙar daga sifirin na mota, ƙarfen ya shige cikin ƙota, babu gaɓar da za ta saki. Ta aljihu kuwa a kan ƙusa ɗaya take juyawa. Jini, kitse da yashi kan taru a nan, ƙusar ta yi sako-sako, kuma in kullen ya gaji, ruwan na iya rufewa kan yatsa. Amma ta maƙera tsatsa take ci. A wanke, a shanya, a shafa man gyaɗa, kar a mayar da ita kube da danshi.

Manomi mai yanka igiya, rake ko mangwaro, ta aljihu ta wadatar. Mahauci da mai fiɗar rago, ta kube ce tasu.