Agogon Vortic: injin aljihu a wuyan hannu, kyansa da rauninsa

Kamfanin Vortic da ke Fort Collins a jihar Kolorado ta Amurka an san shi da sana'a guda. Yana samo injin tsohon agogon aljihu ƙirar Amurka, ya kwance shi, ya wanke, ya gyara, sannan ya ƙera masa sabon gida mai maɗauri don a ɗaura a hannu. R.T. Custer da Tyler Wolfe ne suka kafa shi a 2013. Aikinsu mai tsafta ne kuma ba sa ɓoye abin da suke sayarwa. Sai dai duk kyan sabon gidan, injin da ke ciki an ƙera shi ne don ya zauna lafiya cikin aljihun falmaran, kuma duk wata matsala da mai saye zai gamu da ita daga nan take fitowa.

Injinan na tsofaffin kamfanoni ne irin su Elgin da Waltham da Hamilton da Illinois, yawancinsu daga farkon ƙarni na 20. A wancan zamani kamfani ɗaya ke ƙera inji, wani dabam ya ƙera gida, sai a haɗa su a shago bisa zaɓin mai saye. Da zinariya ta yi tsada, aka riƙa narkar da gidajen ana barin injinan zube. Irin waɗannan marayun injina ne suka dace da wannan aiki, domin babu abin da aka ɓata, an ma ceto su daga tsatsa ne. Vortic na barin fuskar agogon ta asali da hannuwansa, ya sa gilashi a baya don a ga zanen da aka yi wa ƙarafan ciki da duwatsun da ƙafafun wili ke juyawa a kansu. Wannan kallo ta baya shi ne rabin abin da ake biya wa kuɗi, kuma ya cancanci kallo.

Girma ne abu na farko da ya kamata mutum ya auna. Injin da ake kira mai lamba 12 faɗinsa milimita 39.8 ne, mai lamba 16 kuma 43.2. In aka ƙara kaurin bangon gida, na farko yana kaiwa wajen milimita 45 zuwa 46, na biyu kusan 50. Agogon maza na yau da kullum bai cika wuce 38 zuwa 42 ba. Gidan taitaniyam yana rage nauyi ƙwarai, amma ba ya rage faɗi ko tudu. Mai siririn hannu ya yanka kwali mai faɗin milimita 46 ya ɗora a wuyan hannunsa kafin ya tura kuɗi. In gefen kwalin ya zarce ƙashin hannu, agogon zai riƙa karkata, kuma ba zai shige ƙarƙashin hannun riga mai maɓalli ba.

Kan da ake murzawa don yi wa agogo wani, wato ɗaure sifirin ɗin da ke tafiyar da shi, yana sama, daidai ƙarfe 12, ba a ƙarfe 3 ba. Wasu na ganin wannan aibi ne, ni kuwa ina ganin nan suka yi daidai. Agogon aljihu maras murfi haka aka tsara shi: kan wani a 12, ƙaramin hannun sakan a 6. Duk wanda ya juya injin don kan ya koma 3, to hannun sakan ya koma 9, lambobi sun kwanta, dole a cire fuskar asali a buga sabuwa. Mai murfi ne kaɗai kansa ke 3 tun asali. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Injina masu daraja ana daidaita tafiyarsu a zama biyar: fuska sama, fuska ƙasa, kai sama, kai dama, kai hagu. Kai ƙasa shi ne zama na shida, ba kowane inji aka daidaita a kansa ba. Mutum na tafiya hannunsa a sake, agogo mai kai a 12 yana kwance ne ta gefe, cikin zaman da aka daidaita. Mai kai a 3 a hannun hagu kuwa kansa ƙasa yake kallo.

Wurin da ake gane gwanin wannan aiki shi ne sandar wani. A yawancin agogunan aljihu na Amurka, sandar da hannun rigarta na ƙarfe, wanda ke riƙe ta in an ja ko an tura, suna jikin gidan ne, ba jikin inji ba. Idan an narkar da gida, sun tafi tare da shi. Dole mai sabon gida ya ƙera nasa, tsawon ya zo daidai. In sandar ta gaza, kana wani hannuwan agogo na juyawa. In ta yi tsawo, ka ja kai amma saiti ya ƙi shiga. A nan agogunan arha na kasuwar intanet ke faɗuwa. Agogunan da aka ƙera wa ma'aikatan jirgin ƙasa kuma saitinsu dabam ne: sai an kwance zoben da ke riƙe gilashin gaba, a jawo wani ɗan ƙarfe da farce a gefen fuska, sannan a murza kai. An yi haka da gangan don kada lokaci ya sauya bisa kuskure, bayan tsaurara ƙa'idojin agogon ma'aikatan jirgi da ya biyo bayan karon jiragen ƙasa a Kipton ta jihar Ohayo a 1891. Vortic ya bar wannan tsari a samfurinsa na jirgin ƙasa, da zobe mai kwancewa. Abin sha'awa ne, amma duk buɗewa ƙofa ce ga ƙura, kuma hannuwan agogo na fili, yatsa na iya lanƙwasa su.

Babban rauni, wanda babu gidan da ke maganinsa, shi ne bugu. Wilin da ke kai da komo, wanda shi ne zuciyar agogon, yana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a sakan. Yana tsaye ne a kan ƙafafu biyu masu kaurin kusan kashi ɗaya bisa goma na milimita, kamar silin gashi. Agogon hannu na zamani yana da ɗan sifirin da ke barin dutsen ya ja baya in an bugu, irin tsarin Incabloc da ya fito a 1934. Waɗannan injina ba su da shi, ga wilinsu babba mai nauyi. Faɗuwa ɗaya kan siminti, ko karo mai ƙarfi da bakin ƙofa, ta isa ta karya ƙafar ko ta fasa dutsen. Alamar ita ce agogo ya yi tafiya in an kwantar da shi ta fuska ɗaya, ya tsaya in an kifa shi. Gyaran sai an samo sandar wili ta daidai wannan samfuri, ko a sassaƙa sabuwa, kuma kamfanonin sun daɗe da daina ƙera kayan. Don haka ba agogon hawa babur ba ne, ba na aikin guduma ko wasan ƙwallo ba.

Sauran kulawar mai sauƙi ce in an kiyaye. Wani sau ɗaya a rana, a cire shi daga hannu tukuna don kada sandar ta lanƙwashe, a tsaya da zarar an ji ya cije. Siririn sifirin ɗin wili na ƙarfe ne a injinan da suka girmi shekarun 1930, yana kama maganaɗisun lasifika da murfin waya, sai agogo ya kama gudu da mintuna a rana. Cire maganaɗisun aikin ɗan lokaci ne ga mai na'urar. Ruwa kuwa a nisanta shi ɗungurungum, a cire kafin alwala. Ƙa'idar jirgin ƙasa ita ce kuskure kada ya wuce sakan 30 a mako, amma a hannu, da inji mai shekara ɗari, rabin minti zuwa minti guda a rana ba abin ƙorafi ba ne. Fuskar da ta yi fari tas garin gilashi ne aka gasa kan jan ƙarfe, ba ta dusashewa, amma tsagar da ta riga ta yi ba ta gyaruwa. A duba hoto da kyau, musamman kewayen ramin hannun sakan.

A kan gaskiyar ciniki, kotu ma ta yi magana. Hamilton, wanda yanzu ke ƙarƙashin rukunin Swatch na Suwizalan, ya kai Vortic ƙara a 2017 saboda sunansa da ke kan fuskar agogunan. A 2020 kotun tarayya a New York ta ba Vortic gaskiya, bisa cewa yana bayyana wa masu saye sarai cewa injin tsoho ne, gidan nasa ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2021. Wannan ya bambanta shi da masu buga sabuwar fuska da babban suna su ɗora kan injin da ba a san asalinsa ba.

Kuɗin dai dubban daloli ne, alhali sau da yawa ana samun injin Elgin gama-gari tsirara a ƙasa da dala 100. Abin da ake biya shi ne gidan, sandar wani da aikin gyara. A kan inji mai duwatsu 17 zuwa sama da fuska lafiyayya, farashin yana da hujja. Kamfanin yana kuma karɓar agogon aljihun da mutum ya gada ya mayar da shi na hannu. A nan shawarata ita ce in agogon cikakke ne da gidansa na asali, a bar shi yadda yake. In an nace, a karɓi tsohon gidan a ajiye, a tabbatar ba za a huda ko a goge komai a jikin inji ba. Kafin biya a nemi lambar da ke jikin injin, ba ta jikin gida ba, domin ita ke nuna shekarar ƙira da darajarsa. A kuma tambaya ko an sauya babban sifirin ɗin wani da sabo, don tsohon mai launin shuɗi yakan gaji ko ya tsinke.