Bais ko kilam, wanne za ka fara saya?

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu mai walda daga Ringim ya ce ya sayi injin huda na tsaye, wanda aka taɓa amfani da shi, kuɗin da ya rage masa abu ɗaya za su saya, bais, wato abin matse ƙarfe mai baki biyu da ake murɗawa, ko kilam ɗin nan mai kama da harafin G. Malam, tun da ka yi tambayar ma ka tsira, don da yawanmu da hannu muke riƙe ƙarfe.

Bais shi ne na ƙananan kaya, guntun falat ba (ƙarfe mai faɗi), angul (ƙarfe mai kusurwa), noti, da faif tunda yawancin bais akwai tsaga a bakinsu da ke rungume abu mai zagaye. Ga sauri, ka murɗa ka huda ka kwance ka sa wani. Amma fa bais ɗin da aka aza kan teburin injin haka kawai ba a ɗaure shi da bol a tsagar teburin ba, wallahi in ka sa babban bit, wato ƙarfen da ke huda ramin, irin 12mm ya cije, da bais ɗin da ƙarfen duka zai ɗauka ya yi ta wulwulawa, kuma ɗan wurin da bit zai ɓullo ta ƙasa nan ne ya fi cijewa, shi ya sa nake sassauta hannu in na ji ya kusa fita.

Kilam kuwa na faranti ne da katako da dogon ƙarfe, abin da bakin bais ba zai ɗauka ba. Siririn faranti ya fi komai ba ni tsoro, in ya kuɓuce wuƙa ce mai juyawa, na ga yaron shago da aka yi wa ɗinki a tafin hannu a kan haka. Ka sa guntun katako a ƙasa, ka matse da kilam biyu, ɗaya kaɗai ƙarfen yana iya juyawa a kansa. In dogo ne, ka miƙa tsawon ta hagu ya jingina da sandar injin. Aibun kilam jinkiri, kowane rami sai ka kwance ka sake saiti.

Tunda ƙofa da taga kake yi, ni dai bais zan ce ka fara ɗauka, haɗe da bol biyu. Kilam ba tsada, ranar da ka shiga kasuwar Kofar Ruwa a Kano sai ka ƙaro. Kuma don Allah ban da safar hannu, ka naɗe hannun riga, ka zare makullin cak, wato wanda ake ɗaure bit da shi, kafin ka kunna.