Baikal mai baki biyu: ra'ayina ga sabon shiga da yake son ajiye bindiga a gida

Jama'a tunda masu garkuwa suka fara shigowa unguwannin bakin garin Kaduna irin su Maraban Rido da Gonin Gora da bayan Millennium City kusan duk majalisar da ka zauna sai wani ya tambaya wace bindiga ya kamata mutum ya ajiye a gida, toh ni dai wadda na sani na kuma riƙe da lasisi ita ce Baikal mai baki biyu ƙirar Rasha, a garin Izhevsk ake ƙera ta, mai lamba 12 (wato awon faɗin bakinta), kuma a kanta zan yi magana.

Abin da yasa nake ganin ta fi dacewa da wanda bai taɓa riƙe bindiga ba shi ne sauƙinta. Karya ta ake yi a tsakiya, da ka buɗe ta idonka zai nuna maka ko akwai harsashi a ciki ko babu, ba sai ka yi ta canki-canka ba, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa dalili don sau da yawa hatsarin da ake ji a gidaje daga "ai na zaci babu komai a ciki" yake farawa. Ba ta da tarkacen ƙarafa masu yawa da za su cije, tana jure ƙurar hunturu, goge ta da sa mata mai ba wahala. Aikin jikinta dai ba wani kyau ne da shi ba, katakon ba shi da sheƙi kuma tana sabuwa wajen karyawar yana da tauri sai a hankali yake saki.

Sai dai kar wani ya ruɗe ka ɗan'uwa, tana da nauyi, ta haura kilo 3, ga tsawo, juyawa da ita a soro ko lungun ɗaki ba daɗi. Tana dukan kafaɗa sosai in ba ka manna ta da kyau ba, ƙararta a cikin ɗaki kuwa sai ta toshe maka kunne. Sannan harbi biyu ne kacal sai ka sake ɗurawa, mutanen da suke zuwa su goma sha da AK-47 ba da wannan za ka tare su ba, duk wanda ya ce maka haka so yake ya kai ka ya baro. Amfaninta ɓarawon tsallaka katanga ne, ko ta saya maka 'yan mintuna iyalinka su shige ɗaki a kulle kafin maƙwabta da 'yan sintiri su farga.

Yanzu maganar takarda wadda ita ce mutane suka fi tsallakewa. Dokar bindigogi ta 1959 ta raba su kashi uku, fistol da bindigogin soja sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin wannan tawa tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka irin ta maharba kuma Kwamishinan 'yan sandan jiha. Ita fam akshan da samari suke ta yabo, wato wadda ake jan mariƙinta baya da gaba ta ɗura wani harsashin, dokar ta cire duk mai ɗura kanta ko mai na'urar ɗuri daga rukunin da ake ba mutum don amfanin kansa, shi yasa ma a 2018 'yan sanda suka sa ta cikin waɗanda za a karɓe. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar ido, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Kuma a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bada sabon lasisi, don haka dan Allah kafin ka ba kowa ko sisi ka fara zuwa hedkwatar 'yan sanda ta jiha ka ji halin da ake ciki da kunnenka. Wanda duk ya ce kawo kuɗi zai haɗa maka bindiga da takarda a kwana biyu ka guje shi, in aka kama ka da ita ba lasisi gidan yari ne na shekaru, ga shi a Kaduna yanzu da wuya ka wanke kanka daga zargin kai wa 'yan daji makami.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Gidajenmu cike suke da yara, naka da na maƙwabta da almajirai masu shigowa, saman wadirof ko ƙarƙashin katifa ba wajen ajiya bane sam. Ka sa mai walda ya yi maka akwatin ƙarfe a kafe shi a bango, bindiga daban harsashi daban, makulli a jikinka, uwargida ta san da zamanta amma yara kar su sani. Kuma ka nemi wanda ya iya, tsohon soja ko ɗan sanda mai ritaya, ya koya maka riƙo da ɗuri da saukewa da rana tsaka, don cikin dare hannu na rawa ba lokacin koyo bane, ƙaninka ma yana iya dawowa ƙarfe biyu ya hauro katanga saboda ya tarar an rufe get.

In maki zan ba ta a hannun sabon shiga mai lasisi zan ce 7 cikin 10, tsawonta da dukan kafaɗar ne suka cinye sauran.